RAV4 ko CR-V: Wacce Ce Za Ta Jure wa Hanyoyin Kebbi?

Duk wanda ya ɗan samu sarari a Birnin Kebbi ko Argungu, ma'aikaci ne, ɗan kasuwa ne ko manomin shinkafa da rani ya yi wa kyau, idan ya tashi barin ƙaramar mota ya koma abin da ake kira jif, motoci biyu dillalai ke fara nuna masa: Toyota RAV4 da Honda CR-V. Yawancinsu ’yan Beljiyam ne, an gama hawansu a Amurka ko Kanada kafin su tsallako teku, kuma waɗanda aljihun mai matsakaicin ƙarfi ke iya kaiwa su ne na tsakanin 2006 da 2012. A majalisa musun ba ya ƙarewa, wannan ya ce Toyota ba ta mutuwa, wancan ya ce Honda ta fi daɗin zama. Kowannensu yana da ƙamshin gaskiya, amma sunan kamfani kaɗan yake gaya wa mai saye. Abin da zai yanke masa hukunci shi ne shekarar motar da irin injinta, wahalar da ta sha kafin ta iso, da kuma ko akwai bakaniken da ya san cikinta a garin da za ta zauna.

Kafin a zo ga zaɓi, sai an sauke wani ruɗi. Motocin nan biyu a kan tsarin ƙaramar mota aka gina su, aka ɗan ɗaga su sama. Ratar da ke tsakanin cikinsu da ƙasa ba ta wuce kimanin santimita 20 ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa tayoyin gaba kaɗai ke ja, duk da siffar jif da suke da ita. A kan kwaltar Birnin Kebbi zuwa Argungu, tafiyar da ba ta wuce awa guda ba, ko a kan burji mai ramuka, wannan ya wadatar. Fadamar Rima a watan Agusta kuwa wani zance ne daban. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa ta yanke hanyoyi a jihar nan ya san akwai lakar da Hilux ma ke shakka. Ruwa idan ya shiga inji ta hanyar da yake shaƙar iska, injin ya tashi aiki nan take. RAV4 ta 2006 zuwa 2012, idan mai jan tayoyi huɗu ce, tana da maɓallin da ke tilasta wa tayoyin baya su ja a tafiyar da ba ta wuce kilomita 40 a awa ba, abin da CR-V ba ta da shi, domin ita sai tayoyin gaba sun fara zamewa na baya ke shigowa. Wannan fifiko ne na gaske a cikin rairayi, sai dai ba zai mai da motar jirgin ruwa ba.

Batun inji shi ne inda taken "Toyota ba ta mutuwa" ke cutar da mutane. RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai inji 2.4 ta yi suna wajen shan baƙin mai, har kamfanin Toyota da kansa ya tsawaita wa masu ita garanti a Amurka domin gyaran fistin. Garantin ya ƙare tun tuni, kuma bai taɓa isowa nan ba. Direban da ba ya zare sandar gwajin mai a kai a kai zai wayi gari inji ya ƙone a hanyar Sakkwato. Daga 2009 aka sa mata inji 2.5, wanda ba shi da wannan larura. Akwai kuma mai silinda shida, 3.5, mai ƙarfi ƙwarai, amma tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ƙarfin da ba a bukata ya zama haraji na kullum. Ita CR-V ta 2007 zuwa 2011 injinta 2.4 lafiyayye ne, ba a cika kuka da shi ba. Rauninta yana wajen kwamfuresar esi, kuma a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, mota marar esi da gilasai a rufe saboda ƙura azaba ce. Ga giyarta da akwatin tayoyin baya, kowanne yana son man da Honda ta tanada masa; aka zuba na gama-gari, sai kuka da fizga su biyo baya.

Wani zai ce to a ƙara kuɗi a sayi ta baya-bayan nan mana a huta. Ba lallai a huta ba. CR-V ta Amurka daga 2015 ta koma giyar CVT, daga 2017 kuma yawancinsu suka zo da ƙaramin inji 1.5 mai turbo. Fasaha ce mai tsimin fetur, amma ba ta yafe gurɓataccen mai, ba ta yafe jinkirin juye, kuma idan giyar ta lalace ba kasafai ake buɗe ta a gyara ba, sai dai a nemo wata. RAV4 ta 2013 zuwa 2018 ta tsaya kan inji 2.5 da giya ta gargajiya mai hawa shida, irin wadda makanikanmu suka saba da ita a Camry. Nan ne hujjar ta fi karkata ga Toyota. Injinta ɗaya da na Camry, don haka kayan gyaranta ba sa wuya a Birnin Kebbi, idan ma an rasa ana samu a Sakkwato. Na CR-V ma ana samu, tunda danginsu ɗaya da Accord, amma wasu sassan sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, mota na zaune a gareji ana jiran direban da zai kawo saƙo. Mutumin Argungu, wanda garejinsa bai kai na babban birni ba, ya fi kowa jin wannan.

Masu goyon bayan Honda suna da amsa mai nauyi: CR-V ta fi RAV4 sauƙin kuɗi idan shekararsu ɗaya, ta fi laushi a kan kwalta, kuma sunan Toyota ya sa dillalai na tsuga kuɗi a kan kowace ruɓaɓɓiya. Gaskiya ne, kuma shi ya sa lafiyayyar CR-V ta fi RAV4 mai ciwo nesa ba kusa ba. Sai dai ragin da aka samu ranar saye shi ake mayarwa ranar sayarwa, domin RAV4 ta fi riƙe daraja a kasuwar ’yan hannu, kuma a wurinmu mota ajiya ce da ake juyawa idan bukata ta taso.

Duk wannan lissafi yana rushewa idan motar ta taɓa nutsewa. Bayan guguwa irin ta Katrina a 2005 da Harvey a 2017, kamfanonin inshora a Amurka sun yi gwanjon motoci masu ɗimbin yawa da ruwa ya shanye, kuma irin waɗannan da na haɗari su ne ke zuwa Afirka ta Yamma da araha. A wanke, a yi fenti, ta fito da kyan ɗan maciji, bayan wata shida wayoyi su fara haukacewa. Ana gane ta da tsatsa a ƙarƙashin kujeru, busasshiyar laka a ramin safaya, warin danshi a kafet. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, kuma da ita ake binciko tarihin motar ta intanet, har da hotunan gwanjo a wasu lokuta. Da lambar ce kuma za a gane ko an canza mata jakar iska ta kamfanin Takata, wadda ke iya fashewa ta watsa ƙarfe a fuskar mutum, musamman bayan ta daɗe a cikin zafi da laima. Kiranyen da aka yi wa motoci domin canza ta ya shafi CR-V ta 2002 zuwa 2011 da RAV4 ta 2004 da 2005. A tuna kuma mitar motar Amurka mil take ƙirgawa, kowane mil kilomita 1.6 ne, ban da cewa ana juya ta baya.

Sai takardu. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma jihar da ke da Kamba da Tsamiya ba ta bukatar a gaya mata cewa motoci ’yan Kwatano ba su daina shigowa ta ɓarauniyar hanya ba. Takardar duti ta jabu tana iya sa a ƙwace mota a shingen kwastan bayan shekaru da saye, dillali kuwa ya riga ya ci la'adarsa. Ofishin kwastan yana nan a Birnin Kebbi, a je a tantance kafin a biya.

Ga mai zama a Birnin Kebbi ko Argungu, idan motocin biyu lafiyarsu ɗaya, RAV4 mai inji 2.5 daga 2009 zuwa sama ita ce zaɓi. Idan kuɗi bai kai ba, a ɗauki CR-V ta 2007 zuwa 2011 mai tsabtataccen tarihi, a ware kuɗin esi da man giya na asali. Kowacce ce, mai saye ya zo da nasa bakaniken, ba na dillali ba, a tayar da injin da sanyin safiya, a sa mata na'urar bincike, a duba ko an cire tamostat kamar yadda wasu makanikai ke yi, sannan a hau ta da esi a kunne har bayan gari kafin a ƙirga ko sisi.