Ma'ana da Amfanin Kalmar "Blended Whisky" a Turanci

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana ma'anar blended whisky, domin mai fassara yana iya ɗaukarta a matsayin barasar da aka yi wa algus, alhali kuwa doka ce ta tsara ma'anarta.

Asalin Kalmomin

Kalmar whisky ta samo asali ne daga uisge beatha ta harshen Gelik na Sikotilan, wato "ruwan rai", wadda ita kanta fassara ce ta aqua vitae ta Latin. A Sikotilan da Kanada ana rubuta whisky, a Ayalan da Amurka kuwa galibi whiskey. Shi kuma blend yana nufin gauraya abubuwa masu kama da juna har su saje.

Yadda Ma'anar ta Samu

A Sikotilan wiski iri biyu ake yi. Na farko, na sha'ir ne zalla wanda aka jiƙa har ya tsiro, ana kuma dafa shi a tukunyar tagulla, tukunya bayan tukunya. Na biyu, na alkama ne ko masara tare da ɗan sha'ir, ana yinsa da na'urar da Aeneas Coffey ya yi wa rajista a 1830, wadda ke aiki ba tsayawa. Na biyun ya fi araha, ɗanɗanonsa kuma ya fi sauƙi. Dokar 1860 ta sauƙaƙa wa fatake irin su Andrew Usher na Edinbara gauraya su kafin biyan haraji.

Masu wiskin sha'ir ba su amince ba. A 1905 hukumar Islington ta Landan ta kai waɗansu masu sayarwa ƙara, a kan cewa abin da suke sayarwa ba wiski ba ne. Sai a 1909 hukumar binciken da gwamnati ta naɗa ta tabbatar da cewa gaurayen ma ya cancanci sunan.

Amfaninta a Yau

Dokokin 2009 sun kasa wiskin Sikotilan gida biyar, uku daga cikinsu na ɗauke da blended. Idan aka ce blended Scotch whisky, ana nufin na sha'ir haɗe da na hatsi, kowanne ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katako. Shekarun da ke jikin kwalba na mafi ƙarancin shekaru ne a cikin haɗin. A Amurka kuwa, ya wadatar idan kashi 20 cikin 100 tsantsar wiski ne, sauran yana iya zama barasa marar ɗanɗano.

Kammalawa

Ke nan kalma ɗaya ce, amma ma'anarta ta danganta da ƙasa. "Gaurayen wiski" ya fi dacewa a Hausa, domin "algus" da "surki" suna nuna rage daraja, wanda ba shi kalmar ke nufi ba.