Kasuwar da Mujiya Take da Daraja

Kowane watan Janairu, a tsakiyar ɗarin birnin Niyok, wata kasuwa takan ci a cikin wani otal na unguwar Manhattan. Ba kasuwar hayaniya ba ce. Teburori ne a jere, kowanne da fitilarsa da akwatunan gilashi, dillalai daga Zurik da Munik da Landan suna zaune a baya. Hajar da mutum zai saye da kuɗin gida guda tana iya ɓacewa a cikin tafin hannunsa. Tsofaffin sulalla ne, kuma mafi jan ido a cikinsu su ne azurfar Girkawa, waɗanda wasunsu sun haura shekara 2,400 a duniya.

Wadda za ka fi cin karo da ita ita ce mujiya. A wajenmu tsuntsuwa ce da ba a maraba da kukanta, amma mutanen Atina a kan kuɗinsu suka ɗora ta. Gefe ɗaya kan gunkiyarsu Atena ne sanye da kwalkwali, ɗaya gefen kuma mujiya ce mai manyan idanu, da ganyen zaitun da jinjirin wata a bayanta, da haruffa uku na farkon sunan birnin. Darakma huɗu ke nan a dunƙule, nauyinta wajen giram 17.2. Daga wannan kalma ta darakma dirhamin da muke karantawa a littattafan fiƙihu ya samo suna. A zamaninta, darakma ɗaya kusan ladan yini ne na mai sana'a. Azurfar daga ramukan Lauriyon bayi suke haƙo ta, kuma da arzikin da aka samu a can a shekara ta 483 kafin haihuwar Annabi Isa aka ƙera jiragen da suka karya rundunar Farisa a Salamis bayan shekara uku.

Idan ka narkar da mujiyar nan, da ƙyar kuɗin azurfarta zai biya maka abincin dare a otal ɗin. To me ake saye?

Ka tsaya ka kalli dillali idan an miƙa masa sulai. Ba ya fara da kallon kyau, sikeli yake jawowa. Kowane gari da ma'auninsa: kififiyar tsibirin Ejina tana kai giram 12, doki mai fikafikai na Korinti kuwa kusan 8.6. Wanda ya gaza sosai, ko dai ƙasa ta ci shi, ko kuma cikinsa jan ƙarfe ne aka lulluɓe da azurfa. Wannan ha'inci tun zamanin Girkawan ake yinsa, shi ya sa mujiyoyi da yawa da aka tono a Masar da Sham suke da sara a fuska. Wani ɗan kasuwa ne ya kafa mata kurfi don ya ga abin da ke ciki. Saran nan yana karya farashi ƙwarai, ko da yake ni a ganina shi ne ya fi komai ba da labari.

Daga sikeli sai gilashi. Kuɗin Girkawa bugawa ake yi, ba zubi ba. Maƙeri yakan ɗora dunƙulen azurfa a kan hatimin da aka kafa a uwar maƙera, ya ɗora wani hatimin a sama, ya sauke guduma. Saboda haka gefen na gaske yakan tsattsage, kuma ƙarfen yakan nuna alamar malala daga tsakiya zuwa baki. Na zubi kuwa yana da ƙananan ramuka kamar na zanzana, da layin haɗi a gefe, zanensa kuma ya yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa. Jabun da ke hana dillali barci shi ne wanda aka sassaƙa wa sabon hatimi aka buga. Wani Bajamushe, Carl Wilhelm Becker, wanda ya mutu a 1830, ya gwanance a wannan har yau jabunsa ma ana sayensu da sunansa.

Bugun hannu ne ya sa babu biyu da suka yi daidai, kuma a nan farashi yake rabuwa. Hatimin Atina ya fi dunƙulen faɗi, don haka galibi zankon kwalkwalin yakan faɗa waje, ko hancin Atena ya taɓa baki. Wadda ta fito da cikakken zanko tana iya ninka 'yar'uwarta sau da yawa. Ana son baƙin da shekaru suka shafa wa azurfa a cikin akwati. Wanda ya goge ta har ta yi ƙyalli ya yi wa kansa asara.

Na Iskandari Mai Girma suna da nasu tarkon. Sunansa yana jiki, amma garuruwa sun ci gaba da buga su fiye da shekara 200 bayan mutuwarsa a 323 kafin haihuwar Annabi Isa, kamar yadda liyarin da kakanninmu suka sani yake ɗauke da 1780 ko yaushe aka buga shi. Sai an bi 'yan alamomin da ke ƙarƙashin kujerar gunkin Girkawa Zeyus da gabansa a jikin sulallan, a littafin da Martin Price ya fitar a 1991, kafin a san gari da zamani. Can ƙololuwa kuma akwai manyan darakma goma na Sirakus a tsibirin Sisili, masu wajen giram 43, waɗanda masassaƙa irin su Kimon da Yuwainetos suka sa wa hannu. Waɗannan ba a tebur ake cinikinsu ba. Da dare ake gwanjonsu a ɗakunan otal, ana karɓar tayi ta waya da intanet, mai saye kuma ya ƙara la'adar kusan kashi 20 cikin 100.

Amma abin da ya fi tsada a yau wata 'yar takarda ce. Tun yarjejeniyar UNESCO ta 1970, ƙasashe irin su Girka da Turkiyya da Italiya suke bin sawun kayan tarihinsu. A 1984 wasu mutane suka tono sulalla kusan 1,900 a Elmali ta Turkiyya, ciki har da darakma goma na Atina guda 14, aka yi fasa-ƙwaurinsu zuwa Amurka. Bayan doguwar shari'a, a 1999 mafi yawansu suka koma gida. Shi ya sa dillali yake tattalin tsohon tikitin da ya yi ja, ko hoton kundin gwanjo na 1920 da wani abu, kamar yadda ake tattalin takardar fili. Mai saye yakan juya sulai sau biyu, ya ajiye, sannan ya ce a nuna masa inda ya kwana kafin 1970. Idan dillali ya ce daga tarin wani dattijo ne a Turai, ba suna ba shekara, sai ka ga mai sayen ya yi godiya ya matsa tebur na gaba.