Gidan da Ba a Shigarsa da Gaggawa

Da ƙarfe biyar na asuba ake kaɗa ƙararrawa a gidan sistocin da ke bayan cocin garinmu, kusan daidai da kiran salla daga masallacin unguwa. Kafin gari ya waye, 'yan matan gidan sun jeru a ɗan ɗakin addu'a suna karanta Zabura, wannan ɓangare ya ja aya, wancan ya amsa. Ana tashi daga Mas kowa sai ta kama aikinta: wata ta nufi akurkin kaji, wata ta ɗau tsintsiya, wata ta bi Sista ɗakin shan magani.

Waɗannan ba su zama sistoci ba tukuna. Sun zo ne su auna abin da suke ji a zuciya, su gane ko kiran Allah ne, ko sha'awar farin mayafi ce kawai, ko gudun wata wahala ta gida. Sistar da ke kula da su, dattijuwa mai sanyin murya, ba ta roƙon kowa ta zauna. Kowane mako takan keɓe da yarinya ta tambaye ta yadda addu'arta take, da abin da ya ɓata mata rai, da wanda take kewa. Idan yarinya ta ce tana da saurayi a gida kuma har yanzu yana ranta, ba a yi mata faɗa. Wadda ta ce aure bai taɓa burge ta ba ita ce ake ƙara sa wa ido, domin wadda ba ta san darajar abin da za ta bari ba, alkawarinta bai zauna ba.

Dokar Ikkilisiyar Katolika ta 1983 ita kanta ta ja wa gaggawa birki. Ba a karɓar yarinya matakin nobis, wato zaman koyo na musamman, sai ta cika shekara 17, kuma zaman ba ya gaza wata 12, ba ya wuce shekara biyu. Daga nan ta ɗauki alkawura uku, na talauci da zama babu aure da biyayya, amma na ɗan lokaci, daga shekara uku zuwa shida. Sai bayan haka, idan ta kai shekara 21, ake yarda ta ce har mutuwa. A tsawon wannan tafiya ƙofa a buɗe take.

A da, iyayenmu sun ɗauka wannan rayuwa ta Turawa ce. Sistocin Saint Louis sun iso Kano daga Ireland a 1948, na Dominikan suka sauka Gusau daga Amurka a 1956, suka buɗe makarantu da wuraren jinya. A 1965 Bishof John Reddington ya kafa ƙungiyar sistocin Our Lady of Fatima a Jos domin 'yan ƙasa. Yau masu saka mayafin 'ya'yanmu ne, da Hausa suke koyar da katikizim, kuma a bangon ɗakin cin abinci akwai hoton Josephine Bakhita, 'yar Darfur da aka sace aka sayar baiwa tana ƙarama, ta zama sista a Italiya, aka ayyana ta waliyyiya a 2000.

Sai dai ni a ganina, jarrabawa mafi tsanani ba a cikin gidan take ba. Tana zuwa ne ranar ziyara, a kan babur, riƙe da ƙullin daddawa da kuka. Na ga wata uwa, sanye da zanen zumuntar mata, zaune a kan benci ƙarƙashin bishiyar mangwaro, 'yarta ta durƙusa ta gaishe ta. Matar nan ba ta ƙin Allah, ita ce ma ta koya wa yarinyar jan carbi. Amma ita ta sayar da awaki da gyaɗa ta biya kuɗin sakandare, kuma wannan ce 'yar fari, ƙanne huɗu na bin ta. Sista ba ta da albashin kanta. Duk abin da ta samu na gidan sistoci ne baki ɗaya. Ba sadaki, ba jikoki, ba wadda za ta aiko da kuɗin taki idan damina ta faɗi. A ƙauye kuwa gwaggwanni ba sa gajiya da tuna mata cewa darajar mace ɗakin mijinta.

Duk mai cewa uwar nan imaninta ne ya yi rauni, bai taɓa raba kwanon hatsi ɗaya wa baki shida ba. Hasarar da take gani gaskiya ce, kuma na ji daɗi da sistocin ba su rufe ta da wa'azi ba. Dattijuwar ta zo ta zauna kusa da ita, ta kira ta Mama, ta tambayi gona da lafiyar maigida, ta gaya mata cewa ko a shekarar da ta wuce wata yarinya ta koma gida bayan wata takwas, sistoci suka raka ta tasha, kuma sun je bikinta.

Da la'asar ta yi, uwar ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. Ta dafa kan 'yarta ta ce, “'Yata, in dai kiran Allah ne, ni wa ce da zan tare? In kuma kika ga ba shi ba ne, ɗakinki na nan.” Yarinyar ta ce, “To, Mama,” ta raka ta har bakin ƙofa, ta tsaya sai da ƙurar babur ta kwanta. Da aka kaɗa ƙararrawar ƙarfe shida, ta kai daddawar madafa, ta wanke fuska, ta shiga ɗakin addu'a.