Narkewa ko Rushewa: Fosfaras da Kulorin a Cikin Ruwa

Idan gishiri ya shiga ruwa, Bahaushe ya kan ce ya narke. Kalmar ta dace, domin in aka ƙafe ruwan gishirin zai komo yadda yake. Amma akwai abubuwan da ruwa ba narkar da su yake yi ba, rushe su yake yi, har su zama wani abu dabam. Malamin da ya fassara duka biyu da "narkewa" ya ɓatar da almajiransa.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne haɗin fosfaras da kulorin. A shekarar 1808 Gay-Lussac da Thénard suka haɗa PCl3 a Faransa, watau ƙwayar fosfaras ɗaya da kulorin uku. Ruwa-ruwa ne marar launi, mai hayaƙi a cikin iska mai laima. Da zarar ya gamu da ruwa sai ya ɗauki zafi, kulorin ukun su ɓalle:

PCl3 + 3H2O → H3PO3 + 3HCl

Ɗan'uwansa PCl5, wanda yake daskararre, shi ma haka yake rushewa, ya ba da H3PO4 da HCl. Duka asid ne, kuma ƙafe ruwan ba ya maido da abin farko.

Wannan magana ba ta tsaya a ɗakin gwaji ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, noman rani ya kafu a Kura da Bunkure, tumatir da shinkafa da alkama, tare da feshin maganin ƙwari. Daga PCl3 a ke soma haɗa magungunan dangin fosfaras da dama, har da dikulobos, wanda a ke kira fiya-fiya. Ruwa yana rushe dikulobos, sannu a hankali, amma da hanzari in ruwan yana da kanwa-kanwa.

Saboda haka maganin da aka dama aka bari ya kwana ya kan rage ƙarfi. Manomin da ya ɗauka narkewa kurum ya yi, sai ya zargi maganin, ya ƙara awo, ya jawo wa kansa hasara da haɗarin guba. Ya kamata littattafan makaranta su keɓe "narkewa" ga irin ta gishiri, su sa "rushewa" inda ruwa ya sāke ainihin abu.