Riga-kafi daga ganyen tsiro: Me zai tsinana wa garuruwa irin su Gatawa?

A annobar sanƙarau ta 2017, wadda ta fi ƙamari a jihohin Zamfara, Sakkwato da Katsina, sama da mutum 1,000 ne suka rasu, a daidai lokacin da hukumomi ke jiran allurar riga-kafi daga ƙasashen waje. Tun da aka rufe cibiyar haɗa riga-kafi ta Yaba da ke Legas a 1991, Najeriya ta dogara ne ga sayo alluran mutane daga ƙetare. Idan kuwa aka samu ƙaranci, garuruwan bakin iyaka irin su Gatawa, a Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, su ne a ƙarshen layi.

Wannan dogaro ne ya sa masana ke neman hanya mai rahusa, ciki har da haɗa riga-kafi a jikin tsiro. Tsiron da aka fi amfani da shi ɗan uwan taba ne, asalinsa daga Ostireliya. Akan ɗauki ɗan yankin ƙwayar halittar cuta, a shigar da shi cikin ganyen ta hanyar wata ƙwayar bakteriya. Cikin kimanin mako guda ganyen zai samar da sinadarin furotin mai kama da ɓawon ƙwayar cutar, amma ba ya iya harbin kowa. Daga nan sai a tsinke ganyen, a niƙa, a tace, a mayar da shi allura. Rahusar ta samo asali ne daga cewa tsiro ruwa, haske da taki yake buƙata, maimakon manyan tankunan ƙarfe masu tsada.

An riga an jarraba dabarar. A watan Fabrairun 2022 Kanada ta amince da Covifenz, riga-kafin korona da kamfanin Medicago ya haɗa a ganye. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta karɓe shi ba saboda kamfanin sigari na Philip Morris na da hannun jari a Medicago, kuma a 2023 aka sanar da rufe kamfanin. A Afirka, Jami'ar Cape Town ta daɗe tana bincike a fannin.

Ya kamata manomin fadamar Rima ya fahimci cewa wannan ba amfanin gona ba ne da za a shuka a Isa ko Gatawa, ba kuma maganin gargajiya ba ne. A rufaffen ɗakin renon tsiro ake noma shi, kuma tacewar ita ce mai cin kuɗi. Bayan haka allurar tana buƙatar firji, hanya mai aminci da ma'aikacin lafiya, abubuwan da rashin tsaro ya raunana a gabashin Sakkwato.

Ƙofar da ta fi kusa ga Najeriya ita ce riga-kafin dabbobi, wanda sharuɗɗansa suka fi sauƙi. Tun a 2006 Amurka ta amince da riga-kafin cutar Newcastle mai kashe kaji, wanda aka haɗa da ƙwayoyin tsiron taba, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato ta daɗe tana haɗa alluran dabbobi. Tarayyar Afirka na son nahiyar ta riƙa haɗa kashi 60 cikin 100 na riga-kafinta nan da 2040, daga kusan kashi 1 kacal. Idan Najeriya za ta shiga wannan sahu ta hanyar tsiro, daga akurkin kaji da garken awaki ya fi dacewa ta fara.