Hatimin Uwa, Hatimin Uba: Gadon da Ba Ya Manta Asalinsa

Duk wanda ya yi shirin aure a Abuja cikin 'yan shekarun nan ya sha jin tambayar nan: "Kun yi gwajin jini kuwa?" Daga Babban Asibitin Ƙasa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, saurayi da budurwa kan miƙa hannu a ɗebi jini, su jira takarda mai haruffa biyu: AA, AS ko SS. Sikila ta koya mana lissafin gado: rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma ba ruwan cutar da wanda ya kawo S ɗin. Sai dai akwai gadon da ba ya bin wannan lissafi.

A bisa al'ada, ƙwayar halittar jikinmu tana ɗauke da damman DNA 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Galibin ƙwayoyin gadon da ke cikinsu, kwafin uwa da na uba duk suna aiki. Amma akwai kimanin ɗari da kwafi ɗaya kawai ke aiki, ɗayan kuma an buga masa hatimi an kulle. Hatimin wani ɗan sinadari ne da ake kira metil, wanda ke manne wa DNA ba tare da ya canza rubutunta ba. Ana goge shi, a sake bugawa a kowace zuriya: maniyyin namiji yana fita da hatimin uba, ko da kuwa a kan kuromosom ɗin da ya gada daga mahaifiyarsa ne.

A 1984 aka gano cewa gadon uwa da na uba ba sa maye gurbin juna. Azim Surani, haifaffen Kenya da ke aiki a Kambirij ta Ingila, da kuma Davor Solter da James McGrath a Amurka, sun haɗa ɗan tayin ɓera da gadon uwa zalla, wani kuma da na uba zalla. Adadin kuromosom ya cika, amma babu wanda ya rayu.

A jikin ɗan Adam, kuromosom na 15 ne ya fi nuna wannan al'ajabi. Idan wani ɗan yanki ya ɓace daga kwafin uba, sai a haifi jariri mai laushin jiki kamar tsumma, kukansa can ƙasa, ba ya iya kama nono. Bayan 'yan shekaru kuma sai abin ya juye: yunwar da ba ta jin ƙoshi, har sai an kulle kicin. Wannan ita ce cutar Prader-Willi, wadda likitocin Suwizalan suka bayyana a 1956. Idan kuwa wannan yanki ɗin dai ya ɓace daga kwafin uwa, wata cuta ce daban: farfaɗiya, rashin magana, tafiya da tangaɗi, da yawan dariya. Likitan yara Harry Angelman na Ingila ne ya bayyana ta a 1965, ake kuma kiranta da sunansa. Gurbi ɗaya, cuta biyu.

Hatimin yana da alaƙa har da lokacin kwafar DNA. Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu, sai ta kwafe haruffa kusan biliyan 6, aikin da ke cin kimanin awa 8, ana farawa daga dubban wurare. Wanda ya taɓa aiki a Sakatariyar Tarayya zai gane tsarin: fayil ɗin da ke kan tebur ana amfani da shi kullum shi ake fara kaiwa wurin kwafi, wanda ke kulle a kabad sai can kusa da tashi. A bisa al'ada, kwafin uwa da na uba tare ake kwafarsu. Amma a 1993 tawagar Howard Cedar a birnin Ƙudus ta nuna cewa a yankunan da ke da hatimi, ɗaya kan riga ɗaya, kuma sau da yawa na uba ne a gaba. An kuma lura cewa a jikin yaron da ya gaji kuromosom na 15 duka biyu daga mutum ɗaya, wannan tazarar takan ɓace.

Me ya kai mu ga wannan dogon bayani? Domin a gidajenmu, jaririn da ya ƙi zama, ya ƙi rarrafe, suna gare shi tun kafin likita ya gan shi: ɗan ruwa. Daga nan sai kallo ya koma kan uwa: ko ta yi wanka da magariba, ko ta bi ta bakin rafi da ciki. Alhali ɓacewar yankin nan, wadda ita ce sanadin kusan kashi 70 cikin 100 na masu cututtukan biyu, tsautsayi ce da ke faruwa yayin samuwar ƙwai ko maniyyi. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba, kuma da wuya ta maimaitu a haihuwa ta gaba. Gwajin AA da AS ba ya ganin ta. Gwajin da ke duba hatimin metil ne ke ganowa.

Ba a warkar da waɗannan cututtuka, amma sanin sunansu da wuri yana canza rayuwa: ciyar da jariri ta bututu, gashin ƙashi, tsara abinci, maganin farfaɗiya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta shafi waɗannan yara, kuma hedikwatar hukumar da ke kula da ita tana nan Abuja. Duk uwar da ta ga jaririnta ya yi laushi, ba ya tsotso, ta nufi likitan yara. Kakarsa kuma, maimakon ta tambayi inda surukarta ta bi, ta karɓi jakar kayan jaririn ta raka ta.