Daga Duwatsun Riruwai Zuwa Ƙarfen Da Sanyi Ba Ya Karyawa

Mutanen Riruwai, a Ƙaramar Hukumar Doguwa ta Jihar Kano, sun san ɗarin hunturu, domin garin yana tsakanin duwatsu ne. Amma akwai wani sanyi na masana'antu wanda ɗarin Riruwai ba kome ba ne a gabansa. Iskar gas da ake mayarwa ruwa a Bonny, wadda aka fara fitarwa waje a 1999, ana ajiye ta ne a digiri 162 ƙasa da sifiri. Iskar oksijin ta asibiti kuwa sai ta kai 183 ƙasa da sifiri take zama ruwa.

A irin wannan sanyi baƙin ƙarfe na yau da kullum yakan sāke hali. Ƙarfen da zai lanƙwashe in an buge shi da zafin rana sai ya yi gautsi, ya fashe kamar tulu, ba tare da ya nuna wata alama ba. A watan Janairu na 1943 jirgin ruwan dakon mai Schenectady ya rabe biyu yana tsaye a tashar Portland ta Amurka. A ran 20 ga Oktoba 1944 kuma tankin ruwan gas ya tsage a birnin Cleveland, gobara ta kashe kimanin mutum 130. Ƙarfen tankin yana da nikel kashi uku da rabi ne kacal cikin ɗari.

Ƙarfe marar tsatsa ma ba duka ya zama ɗaya ba. Wanda aka haɗa da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, watau lamba 304, yana riƙe danƙonsa har a digiri 196 ƙasa da sifiri, saboda nikel yana sauya yadda ƙwayoyin ƙarfen suke jeruwa. Wanda ba shi da nikel ya fi araha, ƙyallinsu ɗaya a ido, amma sanyi yana karya shi. Maganaɗisu yakan kama na biyun, ba ya cika kama na farkon ba. Wannan dabarar kasuwa ce kawai. Jami'in da zai sa hannu a takardar sayen tankin asibiti ya kamata ya nemi shaidar gwajin Charpy, inda ake sanyaya guntun ƙarfe a buge shi da guduma mai lilo, a auna ƙarfin da ya sha kafin ya karye.

To, ina ruwan Riruwai? Masu wankin kuza a can sun san wani baƙin yashi mai nauyi da ke biyo kuza, wanda da can ake zubarwa. Shi ne kwalambayit, daga gare shi ake samun niyobiyam. Ɗan kaɗan daga cikinsa yana ƙanƙanta ƙwayoyin ƙarfen bututun mai da gas, ya ƙara masa juriyar sanyi. A ƙarfe marar tsatsa lamba 347 kuwa yana kame kabon, don kada gefen walda ya rasa kuromiyam ya ruɓe.

A shekarun 1950 Nijeriya ce take ba duniya mafi yawan kwalambayit, daga Filato da kewayenta, Amurka tana saye tana tarawa. Daga baya Brazil ta buɗe ma'adininta na Araxá ta ƙwace kasuwar. Yashin ya fita ɗanye cikin buhuna, kuma har yau ƙarfe marar tsatsa da ake ƙera tankunan asibitocin ƙasar nan da shi daga waje ake sayo shi.